Masu aikin mandub (kai saƙo), me kuke so ku gani a waya kafin ku ɗauki odar cefane?

Bash_Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka taɓa yin aikin kai saƙo, ko a mota ko a dabbab, wato babur. Wani ƙaramin kamfani ne nan Jidda masu shagunan kayan masarufi suka ba ni aikin zana fuskar app ɗin da mandub ɗinsu za su riƙa aiki da shi. Na kwastoma an riga an gama shi, wannan na masu kai kaya ne kawai. Ni nawa zane ne a manhajar zane ta Figma, akwai wasu daban da za su rubuta kod.

Yanzu abin da na sa a shafin farko idan oda ta shigo: sunan reshen da za a ɗauko kayan, nisa da kilomita, kuɗin da mutum zai samu, adadin kaya (misali a rubuta kaya 14), sai maɓallin karɓa da na ƙi, da ɗan agogo yana ƙirga daƙiƙa. A ido dai ya yi kyau, masu kamfanin ma sun ce ya yi, amma ni hankalina bai kwanta ba saboda duk cikinmu da muka zauna muka duba ba wanda ya taɓa hawa bene da katan ɗin ruwa a kafaɗa. Kuma yawanci abin da mutane suka saba gani irin su HungerStation da Jahez da Keeta da abincin gidan abinci suka yi suna, leda ɗaya ko biyu ka riƙe ka wuce, cefane kuwa wani abu ne daban.

To tambayata, kafin ka karɓi oda me kake so ka sani? Sannan bayan ka karɓa kana hanyar zuwa shago me ya kamata wayar ta shirya maka? Sai maganar yare, Larabci da Turanci sun isa ko a ƙara? Duk wanda ya san wani abu ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Kawu_Mandub_Makka

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi albarka da ka tsaya ka tambaya. Abu na farko wannan "kaya 14" ɗin ka goge shi ko ka mayar da shi can ƙasa da ƙaramin rubutu, ba ya gaya mana komai wallahi. Kamar a nuna maka buhu ne a ce ɗauka, ba ka sani ba auduga ce ciki ko gishiri. Kaya 14 zai iya zama taliyar yara da biskit da man goge baki, leda ɗaya ka saƙala a yatsa. Kaya 14 kuma zai iya zama katan shida na ruwa da buhun shinkafa biyu da galan ɗin mai da tiren ƙwai. Yi lissafi da kanka, katan mai roba 40 na mil 330 ya haura kilo 13, shida kaga ka kusa kilo 80 tun ba a zo kan shinkafa ba, buhun basmati kilo 10 ne, babbar robar ruwan nan ta kan na'urar sanyaya ruwa kusan lita 19. Mai dabbab in aka turo masa wannan sai dai ya je shago ya ga kaya ya juyo, an ɓata masa lokaci an ɓata na mai oda.

Saboda haka ni abin da nake so in gani da manyan baƙi shi ne nauyi, ko da ƙiyasi ne, da kuma leda nawa katan nawa. Na biyu hawa na nawa ne gidan kuma akwai lif ko babu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kilo 60 a gida mai lif in kana da ɗan kuran tura kaya minti biyar ne, kilo 60 a hawa na huɗu babu lif sai ka yi sawu uku ko huɗu kuma motarka na ƙasa ka tsaya inda bai kamata ba kana fargabar murur, wato 'yan sandan hanya. Mu nan Makka ma akwai ƙari, akwai gidajen da ke kan dutse, taswira za ta nuna maka ka iso saura mita hamsin amma mita hamsin ɗin matattakala ce tun daga ƙasa har sama mota ba ta zuwa. In da akwai wurin da mandub ɗin da ya riga ka zuwa gidan zai bar ɗan bayani, "mota ba ta shiga, ka aje ta wajen masallaci", ko "ƙofar baya ce ake buɗewa, mai gadi na zama a can", da an huta. Wannan ilimin yana kan mutane ne kawai, in mutum ya bar aiki ya tafi da shi.

Na uku kayan sanyi. A sa min alama tun farko cewa akwai kaji masu ƙanƙara ko askirim ko laban (nono), don in san zan shirya jakar sanyi kuma in an haɗa min oda biyu in san wacce zan fara kaiwa. Da rani bayan mota in ka bar askirim kwata ɗin awa ya zama kunu, kuma kai za a ba tauraro ɗaya ba rana ba.

Sai lokacin salla, ka sa shi cikin lissafi. Yanzu ba kamar da ba ne da ko ina ake rufewa, amma har yanzu akwai shagunan da ke ja ƙofa, ranar Juma'a kuwa ba a magana, kuma mu ma ai muna so mu yi sallar. App ya daina ƙirga min latti alhali shagon a rufe yake.

Injiniya_Riyad

Kawu ya gama magana gaskiya, ni ɓangaren fasaha zan ɗan taɓa tunda aikina ne.

Bash kafin ka zana akwatin nauyi ka je ka tambayi masu kod ko rumbun bayanan kayan nasu yana da nauyin kowane abu, don sau da yawa suna da farashi da hoto da lambar bakod amma nauyi babu, ko kuma an rubuta na roba ɗaya alhali katan ake sayarwa. In babu kar ka jira a cike duka, a fara da kaya masu nauyi kawai, ruwa, shinkafa, fulawa, suga, mai, omo babban buhu, lemon katan, waɗannan su ne ke kawo matsalar. Daga nan sai ka raba oda gida uku, mai sauƙi, matsakaiciya, da wadda sai mota. Kuma kar ka dogara da launi kaɗai wajen bambantawa, akwai maza da dama da ba sa rarrabe ja da kore sosai, ka haɗa da hoto da rubutu.

Girman maɓalli, ƙa'idar Android ita ce kar ya gaza 48dp, na Apple 44pt (dp da pt ma'aunin girma ne a allon waya), amma wannan na mai zaune ne a falo. Mutumin da ke riƙe da leda a hannu ɗaya, yatsa da gumi, wataƙila da safar hannu, ka ba shi maɓalli mai faɗin allo gaba ɗaya a can ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa. Abin da ba a iya dawo da shi kamar "na miƙa kaya" ko "na fasa" ka mai da shi na jan yatsa a allo ba na dannawa ba, don waya a aljihu tana danna kanta. Rubutu kuma baƙi sosai a kan fari, wancan toka-toka mai haske da masu zane ke so ba a ganinsa a rana. Mafi ƙarancin bambancin haske da ake ba da shawara ga rubutu shi ne 4.5 zuwa 1, kai ka wuce haka da nisa. Ka tuna kuma waya in ta yi zafi a kan gilashin mota da kanta take rage hasken allo, Apple ma sun ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Riyad da rani arba'in da wani abu ne kullum.

Abu mai muhimmanci, kar app ɗinka ya tilasta wa mutum taɓa waya yana tuƙi. Kyamarorin kan titi da ake kira Saher suna kama mai riƙe da waya, tarar kuma daga riyal 500 ne zuwa 900, ka ga an cinye masa wahalar kwanaki kenan, ban da haɗarin rai. Wannan agogon naka mai ƙirga daƙiƙa shi ne babban mai laifi, oda ta shigo mutum na kan titi ana ce masa saura daƙiƙa ashirin, dole ya kai hannu. In waya ta gane ana tafiya to ta karanta masa da murya, "oda mai nauyi, katan biyar, hawa na uku, akwai lif", ta kuma ƙara masa lokaci har ya samu inda zai tsaya.

Maganar yare, Larabci da Turanci ba su isa ba, ka dubi waɗanda ke aikin mana, akwai masu Urdu da Bangali da Hindi da yawa. Larabci da Urdu daga dama suke farawa don haka duk shafin zai juya, kibiyar komawa baya ma ta juya, ka gwada zanenka a duka ɓangarorin tun yanzu kar sai an gama. Lambobi kuma ka bar su iri ɗaya ko'ina, ko ka ba mutum zaɓi, saboda biyar ɗin Larabci wanda bai saba ba sifili zai gani, shida kuma ya ga kamar bakwai, a lambar gida wannan rikici ne. Sunan kaya ka bar shi yadda yake a jikin kwali tare da hoto, fassara shi ba ta da amfani.

Adireshi, ka sa gajeren adireshin ƙasa na SPL, wato hukumar gidan waya ta Saudiyya, haruffa huɗu da lambobi huɗu, kusa da taswira, da hoton ƙofar gida in kwastoma ya yarda ya ɗora. Sannan duk bayanin oda ya sauka cikin wayar tun lokacin da aka karɓa, don wurin aje motoci na ƙarƙashin ƙasa da cikin lif sabis ɗaukewa yake.

Abu_Fahad_Mushrif

Salam. Ni ina kula da mandub ne a wani kamfani, kuma da girmamawa ga Kawu akwai inda ban yarda ba. In ka nuna wa kowa nauyi da hawa na nawa kafin ya karɓa, wallahi odar nan mai katan shida hawa na huɗu ba lif za ta yi ta yawo daga waya zuwa waya ba mai ɗauka. Kuma wa ke yin irin wannan odar? Yawanci tsohuwa ce ko mai ƙananan yara da ba za ta iya ɗauka da kanta ba, shi ya sa ma ta yi oda. Kowa zai tsinci mai sauƙi ya bar mata tata, ƙarshe sabon zuwa wanda bai san dawa ba shi za a bari da ita kullum.

Sannan Bash ka tambayi kamfanin naku yadda suke ɗaukar ma'aikata, domin tun 2024 hukumar sufuri ta Saudiyya ta fito da tsarin cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ta hannun kamfanin jigilar kaya mai lasisi zai yi aikin kai saƙo, ba da kansa ba, har da yunifom da tantance fuska a cikin app. To da yawa daga cikinsu ba zaɓar oda suke ba, tura musu ake. In haka ne naku, maɓallin karɓa da ƙi ba shi ne zancen ba, tsarin rabon ne ya kamata ya san wa ke da mota wa ke da dabbab, ya kuma raba masu nauyin kar su taru kan mutum ɗaya a yini. Mu da rani ma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba da ake hana aiki cikin rana daga sha biyu zuwa uku, masu dabbab dakatar da su muke a wannan tsakanin, to app ɗin ya san da wannan.

Wani abu kuma, kar ka nuna sunan kwastoma da lambar ɗaki da lambar waya kafin a karɓi oda, unguwa kawai ta isa. Kira ma ya bi ta cikin app a ɓoye lamba, kuma bayan an kai kaya bayanan su ɓace daga wayar mandub. Gidajen mutane ne da iyalinsu.

Maman_Hanan

Ni a ciki nake, wato mu ne masu haɗa kayan a shago kafin mandub ya zo, kuma na ga ba wanda ya yi maganar mu. Ƙanena abin da ya fi kawo rigima tsakaninmu da su leda ce da aka manta. Oda ɗaya kashi uku take zama, na kan kanta, na cikin firji, na cikin firiza, saboda ba za mu bar kaza a waje tana jiran mutum ba. Mandub ya zo da sauri ya kwashe na kan kanta ya tafi, sai ya isa gidan mutane a ce ina naman, ya dawo yana faɗa mu ma muna faɗa. In za ka yi mana gata ka sa kowace leda ta samu lamba, 1 cikin 6, 2 cikin 6 haka, wayar ta nuna masa a fili "4 a kanta, 1 a firji, 1 a firiza", kuma kar ta bar shi ya danna ya tafi sai ya haska lambar kowace leda da kyamara.

Kuma a raba masa ledar su Clorox da sabulun wanki da alama, kar ya ɗora ta kan burodi ko ganye, ƙwai da tumatir su ma a rubuta a sama za a sa. Mu muna rabawa amma in aka je mota sai a cusa yadda aka ga dama.

Sai wannan "oda ta shirya" ɗin, dan Allah ya zama gaskiya. Kar na'ura ta ƙiyasta ta ce an gama alhali ni ina tsaye ina jiran kwastoma ta amsa min ko in canza mata madarar da ta ƙare da wata. Da azumi daga la'asar zuwa magariba abin ba kyan gani, mandub goma tsaye a bakin ƙofa kowa na nuna min waya. Gara a ce masa saura minti goma ya sha mai ko ya huta a inuwa. In an canza wani abu ko an cire shi ma ya gani a wayarsa da amincewar kwastoma, don shi ake tarewa a bakin ƙofa da tambaya ba mu ba.

Kawu_Mandub_Makka

Abu Fahad na ji maganarka kuma tsohuwar nan ni ma ina tausayinta, amma ɓoye nauyi ba shi zai kai mata ruwa ba. In ka ɓoye min zan karɓa, in je in gani, in mai ƙaramar mota ce cike da wata odar ko bayana na ciwo in fasa, ka ga ta ƙara jira kenan fiye da da. A rubuta nauyin a kuma rubuta ƙarin kuɗinsa a gefe, katan kaza hawa kaza ƙarin riyal kaza, za ka ga masu ƙarfi suna rububinta. Matasa da yawa za su fi son guda ɗaya mai nauyi mai kuɗi da su yi ta zaga gari. Maganar ɓoye lamba da suna kuwa ina bayanka ɗari bisa ɗari.

Hajiya Maman Hanan kin faɗi gaskiya kan firiza, Allah ya ba mu haƙuri da juna.

Bash_Jidda

Kai jama'a na gode ƙwarai, Kawu, Hajiya, Yaya Injiniya, Abu Fahad, Allah ya biya. Na tambaya, ashe ma'aikatansu kashi biyu ne, akwai na kamfani da ake tura wa oda akwai 'yan ƙasa masu zaman kansu da ke zaɓa, don haka shafin farko zai zama iri biyu amma duka da nauyi da hawa da alamar sanyi a sama. Lambar leda da rabon kanta, firji, firiza na riga na fara zanawa. Ƙarin kuɗin kaya masu nauyi ba a hannuna yake ba, zan dai bar masa gurbi a zanen in kai musu maganar. Abin da ya rage min, bayanin hawa da lif ɗin daga ina zai fito, tunda app ɗin kwastoma ba ya tambaya?

Injiniya_Riyad

Hanya biyu ka haɗa. Ka roƙi a ƙara tambaya biyu a wajen aje adireshi na kwastoma, hawa na nawa, akwai lif, sau ɗaya za a amsa ya zauna. Kafin su yi wannan kuma, bayan mandub ya miƙa kaya a adireshin da babu bayani, a fito masa da tambaya ɗaya tak mai maɓalli biyu, akwai lif ko babu, kar ka sa shi rubutu. Lif kan lalace kuma, don haka a nuna ranar da aka ba da amsar ta ƙarshe. Bayanin da mandub zai bar wa na bayansa a taƙaita shi kan hanya da ƙofa da wurin aje mota, wani daga ofis ya riƙa dubawa kar a fara rubuta maganar mutanen gida.

In ka gama kar ka gwada a ofis cikin AC. Ka sa zanen a waya mai araha mai fasasshen gilashi irin wadda akasari ake aiki da ita, ka fita bakin reshen da rana, ka ba mandub uku ko huɗu masu yare daban-daban su riƙe da hannu ɗaya, ka nuna musu shafin na daƙiƙa biyar ka karɓe ka tambaye su katan nawa ne kuma hawa na nawa. Wanda suka kasa faɗa shi za ka ƙara wa girma.